Robar da Ke Nutsewa da Wadda Ke Tasowa: Amsa ga Mai Fatsar Bas a Kansas

Wani ƙanenmu ɗan Yawuri da ke karatu a garin Lawrence na jihar Kansas ta Amurka ya aiko da wannan tambaya a kan fatsar kifin da ake kira bas: "Yaya, barka da war haka. A gida da tana na saba fatsa, ban taɓa dawowa hannu rabbana ba. Nan kuwa na shiga shagon kayan kamun kifi na tarar da bango guda na ƙoton roba, na kashe kuɗi ba kaɗan ba, Asabar uku ina zuwa bakin tafki ko motsi ban ji ba. An ce in koma ƙananan robobi. Tsakanin Senko da TRD da Roboworm wanne ya fi kama bas? Ba ni da jirgi, daga gaɓa nake jifa."

Barka kadai, ƙanena. Na yi dariya da na ga sunan garinku, domin kana zaune a gindin rijiya kana kukan ƙishirwa. A nan Lawrence ɗin Ned Kehde yake, dattijon da aka raɗa wa ɗaurin da ake yi wa TRD sunansa, wato ɗaurin Ned. Zan zo kansa.

Bari in fara da abin da masu shago ba sa faɗa. Waɗannan robobi uku ba kishiyoyi ba ne, ba aiki ɗaya suke yi ba. Idan kana son sanin bambancinsu, manta da launi da sunan kamfani. Cika bokiti da ruwa ka jefa su ciki ɗaya bayan ɗaya, babu ƙugiya babu dalma. Senko zai nutse yana karkaɗa kai da wutsiya. TRD zai tsaya a saman ruwa kamar ɓawon gyaɗa. Roboworm zai yi ƙasa a hankali, ka ɗan taɓa bokitin ka ga duk jikinsa ya ɗauki rawa. Abin da roba take yi lokacin da ka daina motsa ta, shi ne halinta, kuma a wannan lokacin ne bas ya fi ɗauka.

Dalili kuwa shi ne irin kifin da kake nema. Bas ba tarwaɗa ba ne da ke bin wari a cikin laka. Mafarauci ne mai aiki da ido, halinsa ya fi kusa da na giwan ruwa: ya laɓe a gindin dutse ko kututture, abu ya gifta, ya buɗe baki ya zuƙe shi tare da ruwa. A tafkunan da ke kusa da gari kuma, yawancin bas ɗin da ka gani an taɓa kama shi an sake shi, domin tun farkon shekarun 1970 masu gasar bas a Amurka suka mayar da sakin kifi al'ada. Na san yadda wannan yake wa ɗan Yawuri a kunne. Ni ma ranar da na fara ganin Bature ya ciro kifi mai laba huɗu ya ɗauki hoto ya mayar da shi ruwa, sai da na yi salati. To kifin da ya sha ƙugiya sau biyu sau uku ya yi wayo. Kifi na ganinka mai jar koma. Shi ya sa aka ɓullo da salon da suke kira fines, ni kuwa nake ce masa fatsar lallaɓa: siririn zare, ƙaramin ƙoto, nauyi kaɗan, motsi kaɗan.

Ita robar kanta tana da asali. A 1949 wani ma'aikaci a Akron ta jihar Ohio, Nick Creme, shi da matarsa Cosma, suka fara dafa roba a kicin suna zubawa a mazubin da aka yi da siffar tana. Har yau yawancin robobin da ke jikin bangon nan haka ake yin su: ruwan roba mai kama da madara, a dafa shi ya yi kauri, a zuba launi da ƙyalƙyali da gishiri, a ɗura a mazubi. Kafin zuwan roba, abin da ake maƙala wa ƙugiya a yi masa wutsiya fatar alade ce da aka jiƙa a ruwan gishiri, don haka mu dai roba ta yi mana rana. Gishirin nan shi ne sirrin. Yawansa ne ke sa roba ta yi nauyi ta nutse, kuma shi ne ke sa ta yi saurin yagewa.

Senko shi ne sarkin gishiri. Gary Yamamoto ya fito da shi a shekarun 1990, kuma siffar biro ya kwaikwaya, shi ya sa idan ka riƙe shi ba ka ganin komai sai sanda mai kauri a tsakiya. Mai inci 5 yana kai kusan giram 10, wato za ka iya wurga shi nesa ba tare da ka ƙara masa dalma ba, abin da mai tsayuwa a gaɓa yake bukata ke nan. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka soke ƙugiya a tsakiyarsa daidai, kai da wutsiya su yi reto, ɗaurin da suke kira waki. Ka jefa kusa da ciyawa ko gindin gadar katako, ka saki zare ya yi sako-sako, ka sa ido a kan zaren. Kada ka ja. Yana sauka yana kaɗa gefe biyun nan da kansa. Sau da yawa ba za ka ji komai a hannu ba, sai dai ka ga zaren ya yi ɗan tsalle ko ya fara tafiya gefe. Ka naɗe sako-sakon, ka ɗaga sanda da ɗan ƙarfi, shi ke nan. Idan ya kai ƙasa babu labari, ka ɗaga shi sau ɗaya ko biyu ya sake faɗuwa, sannan ka naɗe ka jefa wani wuri. Duk aikinsa a faɗuwa yake.

Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, lokacin da bas ke hawowa ruwa marar zurfi don yin ƙwai da kuma bayan sun gama, ban san robar da ta kai shi ba. Kuma kifinsa ya fi na TRD girma a yawancin lokuta. Amma yana da aibi biyu. Na farko, laushin da ke sa shi rawa shi ne ajalinsa: kifi ɗaya ko biyu ya yage, wani lokacin ma bas ya yi tsalle ya girgiza kai ka ga robarka ta tashi sama ita kaɗai. Fakiti mai guda goma yana iya ƙarewa kafin azahar. Maganinsa ƙaramin zoben roba da ake zura masa a tsakiya, a saƙala ƙugiyar a ƙarƙashin zoben maimakon a cikin naman. Akwai masu kama da shi da suka fi arha da ƙarko, irin su Yum Dinger, sai dai gishirinsu bai kai ba, saukarsu ta fi jinkiri. Aibi na biyu ya fi shafar ka: iska. Kansas fili ce, iska ba ta hutu. Da zarar ta kama zarenka ta yi baka da shi, Senko ba ya faɗuwa yadda ya kamata, sai ya riƙa jan ciki gefe, kai kuma ba ka ganin cizo. Haka nan idan zurfin ya wuce ƙafa goma, jiran ya kai ƙasa sai ya cinye maka yini.

Yanzu ga mutumin garinku. Ned Kehde ya daɗe yana rubutu a kan wani salo da ya koya daga tsofaffin masu fatsa na yankin Kansas City, musamman Chuck Woods, wanda tun shekarun 1950 da 1960 yake kama bas da ƙananan abubuwa a kan siririn zare. Salon ba shi da wani ado: guntun roba da bai kai inci uku ba, a kan ƙaramar ƙugiya mai kan dalma mai siffar lemar kwaɗi. Da can raba doguwar roba biyu suke yi su yi amfani da rabi. Daga baya kamfanin Z-Man ya fitar da Finesse TRD mai inci 2.75, an yanke shi daidai aikin. Burin Kehde da abokansa ba ƙaton kifi ba ne, yawa ne: bas 101 cikin awa huɗu suke sa wa gaba. A tafkunan arewa maso gabashin Kansas aka gina wannan salo, ruwan da kake tsaye a bakinsa.

Abin da ya raba TRD da sauran shi ne ba irin robarsu ɗaya ba. Tasa, wadda kamfanin ke kira ElaZtech, tana miƙewa kamar danƙo, ka ja ta ta ninka tsawonta sau da yawa ta koma, kuma tana tasowa. Don haka idan kan dalmar ya zauna a ƙasa, wutsiyar sai ta miƙe sama tana lilo. Ga bas, wannan ko dai ƙaramin kifi ne da ya sunkuya yana kiwo, ko ɗan ƙaguwar nan mai kama da jatan lande da ke zama a ƙarƙashin duwatsu, wanda shi ne tuwonsu. Guda ɗaya kuma yana iya kama kifi ashirin, talatin, yana nan. Wani abin mamaki, yadda yake tsufa yana tsagewa gishirin cikinsa yana fita, haka yake ƙara laushi da tasowa, kifi ya ƙara son sa. Tsoffin hannu ma sukan miƙe sabo su murza shi kafin su ɗaura.

Kuskuren da kusan kowa yake yi da shi, har da ni a shekarar farko, shi ne sa masa kai mai nauyi don a ji yana taɓa ƙasa. Mu da muka tashi da fatsar kogi hannunmu ya saba da jin nauyi. Wannan kuwa akasin haka ne: idan kana jin sa sosai, ya yi nauyi. Ka fara da 1/16 na oza, wato giram biyu ba kaɗan, ka hau zuwa 1/10 idan iska ta matsa. Bari in ba ka hoton yadda abin yake. Wata safiyar Nuwamba na tsaya a kan duwatsun da aka jera a jikin wata madatsar ruwa, sanyi na cin yatsu, ruwan ya ɗan yi duhu, ana ganin ƙasa zuwa ƙafa biyu. Ban jefa tsakiyar tafki ba. Na jefa a karkace, kusan a layi ɗaya da gaɓar, inda zurfin bai wuce ƙafa shida ba. Na ƙirga zuwa biyar. Na juya hannun injin naɗe zare sau biyu a hankali, na tsaya, robar ta yi lilo ta gangaro tana neman ƙasa, ina ɗan girgiza bakin sandar kamar mai yayyafa gishiri a miya. A jifa na huɗu sai zaren ya yi nauyi kawai, kamar ganye ya maƙale. Ban fizga ba, na ci gaba da naɗewa ina ɗaga sanda, sai ganyen ya fara gudu. Ƙugiyar siririya ce kuma a buɗe take, da kanta take shiga. Kafin rana ta yi tsaka na saki goma sha wani abu, mafi yawansu 'yan inci goma sha biyu zuwa sha huɗu, da roba guda ɗaya.

Kada in yi maka tallan da babu aibi. TRD ba ya zaɓe: ƙananan bas, tarwaɗa, da ɗan kifin nan mai faɗi da ke kama da karfasa, duk za su ɗauka. Wanda ke neman ƙato ɗaya zai gaji da cire yara. Ƙugiyarsa a buɗe take, don haka cikin itatuwan da suka nutse asara za ka yi ta yi. Wurinsa duwatsu da tsakuwa da gefen ciyawa. Zura shi a ƙugiya ma sai da haƙuri, saboda danƙon yana turjewa, kuma ɗigon gam mai ƙarfi a gindin kan dalmar yana hana shi zamewa. Abu mafi muhimmanci: kada ka haɗa shi wuri ɗaya da sauran robobi. Sinadaransu ba sa ga maciji, idan suka kwana tare sai su narke su cakuɗe su zama kamar alewar da aka manta a aljihu. Kamfanin da kansa yana gargaɗi a kan haka. Ka bar shi a ledarsa, kuma kada ka bar ledar a mota cikin zafin Yuli. Sannan da yake ƙarami ne, kifi yakan haɗiye shi har maƙogwaro idan ka yi jinkiri. Ni nakan danne ƙayar ƙugiyar da filaya don cirewa ta yi sauƙi.

Roboworm kuma ɗan wani gida ne. A Kalifoniya ake yin sa, inda tafkuna ke da zurfi, ruwa garau, masu fatsa kuma kamar ƙasa. Siriri ne, mai inci 4.5 ko 6, cikinsa a shafe, launukansa hawa-hawa, laushinsa kamar dafaffiyar taliya. An san shi da ɗaurin da ake kira dirofshot, wanda ya bunƙasa a Japan a shekarun 1990 kafin ya kama yammacin Amurka, kuma marigayi Aaron Martens, wanda ya rasu a 2021, yana cikin waɗanda suka fi kowa iya shi. Akwai ma launin Roboworm mai sunansa, Aaron's Magic. Ɗaurin ba zai zama baƙo gare ka ba: dalma a can ƙarshen zare, ƙugiya a sama da ita da kamar ƙafa ɗaya ko ɗaya da rabi, a soki robar a ɗan bakin hancinta. Dalma tana zaune a ƙasa, roba tana rataye a tsakiyar ruwa a gaban idon kifi. Ba dalmar ake girgizawa ba, sako-sakon zaren ake kaɗawa, sau da yawa ma motsin ruwa kaɗai ya isa.

A jirgi, a kan kifin da ke zurfin ƙafa ashirin ko talatin a ruwa mai haske irin na tafkin Table Rock a Missouri, babu kamarsa. Daga gaɓa kuwa lissafin yana canzawa. Idan ka jefa nesa, zarenka a kwance yake, ba a tsaye ba, don haka tazarar ƙafa ɗaya da ka bari tana iya zama 'yan inci kaɗan daga ƙasa. Sai ka tsawaita ta zuwa ƙafa biyu. Inda yake yi mini amfani a gaɓa shi ne tsakiyar zafi, Yuli da Agusta, lokacin da gansakuka ta rufe ƙasan tafki: TRD yana dawowa da kore a jikinsa kowane jifa, shi kuwa wannan dalmar ce kaɗai ke shiga dattin. Bayan wannan, a ruwan Kansas da ba shi da haske sosai, kyan launukansa kai kake gani, ba kifi ba.

Sauran da ke jikin bangon ba sai na daɗe a kansu ba. Zoom Trick Worm doguwar tana ce marar gishiri sosai, ana sa ta a kan dalma mai ɗan ƙarfen murɗawa a ɓoye bakin ƙugiyar a cikin naman; ita ce za ka ɗauka idan wurin akwai itace. Keitech Easy Shiner mai inci 3 ɗan kifi ne mai wutsiya kamar faranti, jifa da naɗewa kawai, yana da kyau a Satumba da Oktoba lokacin da bas ke korar ƙananan kifaye, kuma da shi ake saurin gano inda suke. Masu ƙamshi irin Berkley MaxScent suna da masoya, musamman wajen bas mai ƙaramin baki a manyan tafkunan arewa. Ra'ayina a kan ƙamshi shi ne ba ya kiran bas daga nesa, amma yana sa ya riƙe robar a baki na ɗan lokaci kafin ya tofar, kuma ga sabon hannu wannan daƙiƙar tana da daraja.

Launi shi ne inda kuɗin mutane ke ƙarewa. Biyu sun ishe ka: koren nan mai duhu da ɗigon baƙi da suke kira koren kabewa, da kuma baƙi mai shuɗi ko shunayya mai duhu don ranar da ruwa ya gurɓace bayan ruwan sama.

Ina kuma zargin ba robar ce kaɗai ta hana ka kifi ba. Duba zarenka. Idan irin mai kaurin nan ne mai ɗaukar laba 15 ko 20 da ke zuwa a naɗe a kan sandunan arha, kan dalma mai giram biyu ba zai ja shi ko'ina ba, kuma robar ba za ta yi rawarta ba. Ka sa kitsattsen zare mai laba 10, launi mai haske don ka riƙa ganin sa, ka ɗaura masa kamar ƙafa biyar na fulorokabon, zaren nan da ba ya nunawa sosai a cikin ruwa, mai laba 6 ko 8 a gaba. Sanda mai kusan ƙafa bakwai, mai laushin baki. Ka sassauta birkin injin yadda kifi zai iya jan zare idan ya yi gudu. Kuma ka yi tafiya. Tana tana kiran kifi ya zo inda take, shi ya sa a gida ake kafa sanda a zauna a inuwa. Roba kuwa kai za ka kai ta gidan kifi. Jifa biyar, shida, babu labari, ka matsa taku ashirin.

To, wanne ya fi? A matsayinka na mai tsayuwa a gaɓa a Kansas, mai aljihun ɗalibi, TRD ne farko, da fakitin kan dalma 1/16 da 1/10. Yana aiki daga narkewar ƙanƙara har ta dawo, yana jure iska, kuma zai koya wa hannunka yadda cizon bas yake, domin za ka ji shi sau da yawa a yini ɗaya. Senko na biyu, ka ajiye shi don watan Mayu da safiyar da iska ta kwanta. Roboworm ka bari sai zafi ya yi zafi ko wani ya ɗauke ka a jirgi.

Ka tabbata lasisinka na jiha yana aljihu kafin ka jiƙa zare, kuma idan za ka kai kifi gida, wanda halal ɗinka ne kuma doka ta yarda, ka karanta allon da ke bakin tafkin: ƙa'idar gama-gari a Kansas ita ce ba a tafiya da bas ɗin da tsawonsa bai kai inci 15 ba, wasu tafkunan kuma 18. Idan hutu ya kai ka jihohin arewa maso gabas irin New Hampshire, an hana ƙananan dalma a can saboda tsuntsayen ruwa da ke haɗiye su, sai ka nemi na tangistin, wani ƙarfe mai nauyi da ke maye gurbin dalma. Yagaggun robobi kuma kada ka jefa su ruwa, kifi yana haɗiye su kuma cikinsa ba ya narkar da su. Ni aljihun hagu na rigata nake tara su. Senkon da ya yage a tsakiya ma bai mutu ba: ka ƙarasa raba shi, ka zura rabin a kan dalmar TRD, ba zai tsaya a tsaye ba amma yana kama kifi. Idan ka samu na farko ka aiko mini da hoto, ka riƙe shi ta leɓen ƙasa da babban yatsa, ba shi da haƙoran tsage.